Ranar da Baban Talatu Ya Ƙi Buɗe Baki

Iyayena, 'yan'uwana da 'ya'yana, ina miƙa muku gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu da rai har muka ga juna yau. Baba Fasto, na gode da ka ba ni wannan fili. Dattawa, ina gaisuwa. Matan zumunta, sannunku da aiki. Ku yabi Ubangiji!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu, amma a Ƙaura ba mai kirana haka. Maman Talatu ake ce da ni. In kun taɓa cin tuwo a bakin tasha a shekarun baya, wataƙila daga hannuna kuka ci. Maigidana kuwa ga shi can kusa da ƙofa, mai sanda a tsakanin ƙafafunsa. Kada ku dube shi da yawa, kunya gare shi.

Daga kudancin Kaduna muka zo garin nan, ina amarya, ko Hausar kirki ban iya ba. Aikin reluwe ne ya kawo shi. Da jirgi ya daina zuwa sai ya koma aikin kafinta, yana yi wa makarantun ƙauye benci, har su Sakajiki. Ni kuma na kama sana'ar abinci. Tuwo, shinkafa da wake, wani lokaci dambu. Ranar kasuwa in bi mota zuwa Kasuwar Daji, ko Shinkafi, tun lokacin da mutum ke shiga hanya bai tsaya tambayar ko lafiya ba. Da tukunyar nan muka yi wa Talatu makaranta har ta zama malama, ta yi aure a Zurmi.

Rumfar da nake girki ta kwano ce, gajeriya, ba ta da taga. Da damina in itace ya jiƙe sai in durƙusa in yi ta hura wuta da bakina, hayaƙi na shiga ta hanci yana fita ta ido. In itace ya yi wuya mu koma kara, har leda muke tura wa wuta don ta kama. Wa ya san abin taruwa yake yi a ciki? Mu dai tukunya ta tafasa.

Tarin ya fara kamar wasa. Na sha zuma da citta, na sha lemun tsami, na sha na kwalba daga kemis har na san ɗanɗanon kowanne. Aka gwada ni ko tarin tibi ne, aka ce ba shi ba ne. Sai haki ya biyo baya. In ɗauki bokiti daga rijiya zuwa ɗaki sai na tsaya a hanya na dafa bango. Talatu ta zo hutu ta ga haka, ta ce, "Mama, ba na komawa sai mun je Gusau."

A can likita ya sa na hura iska cikin wani bututu, na hura har idona ya yi duhu. Ya duba hoton ƙirjina, ya dube ni, ya ce, "Mama, kin taɓa shan taba?"

Na ce, "Ni? Taba? Ɗana, ka dube ni da kyau."

Ya yi murmushi ya ce, "To kin sha ta murhu. Hanyoyin iska na huhunki sun ƙuntata, kuma abin da hayaƙi ya ci ba zai dawo ba. Amma sauran da ya rage za mu iya tsare shi."

Ya ba ni abin shaƙa guda biyu, irin wanda ake sa wa a baki a danna. Ya ce shuɗin na gaggawa ne, in numfashi ya kama ni. Ɗayan kuma na kullum ne, safe da yamma, ko ina jin daɗi ko ba na ji. Ya ce, "Shi wannan ba za ki ji aikinsa nan take ba. Kamar taki yake a gona. Ba a ganin ranar da ya yi aiki, sai dai a ga hatsi."

Na ce, "Har zuwa yaushe zan yi ta shaƙa?"

Ya ce, "Har iyakar rai, Mama."

'Yan'uwa, maganar nan ta yi mini nauyi. Ina da yaya, Lami, ita ta goye ni. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke ta a gida, kuma da irin wannan abin a hannunta ta cika. A wurin makoki na ji mata suna raɗa, suna cewa duk wanda ya fara shaƙar abin nan ba ya rabuwa da shi, maganin ƙarshe ne, likita ba ya ba da shi sai ya ga ba sauran dabara. Maganar ta kwanta a zuciyata shekara da shekaru. Yanzu ga shi an miƙo mini nawa.

Ga kuma wani tunani da ya fi wannan nauyi. Ina ta roƙon Allah ya cire mini ciwon nan gaba ɗaya, in tashi garau in tsaya a nan in ba da shaida. Sai nake gani in na riƙa shaƙar magani safe da yamma kamar na ce wa Allah na fid da rai da shi ke nan. Na gwada na kullum ɗin 'yan kwanaki, ban ji komai ba. Na ce, ka gani ko, ba ya ma aiki. Na jefa shi cikin wata tsohuwar langa, na rufe, na ɗora a saman sif. Shuɗin kuwa na ƙulle shi a bakin zani. In abin ya kama ni sai in shiga ɗaki in shaƙa a ɓoye, kamar mai satar nama a tukunya.

Ana cikin haka sai hawan jini ya kayar da Baban Talatu a shagonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da in ya fara ba da labari sai an roƙe shi ya yi shiru, ya koma kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Na rufe rumfa na zauna jinya.

Ku tambayi kowa a unguwarmu yadda nake da maganinsa. Soja ce ni! Da safe in dama kunu, in ɗauko ƙwayoyinsa, in tsaya a kansa sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. In ya ɓata fuska in ce, "Baban Talatu, likita ya ce kullum, kuma kullum ɗin za ka sha." Ban taɓa bari ya tsallake ba. Ni mai wannan faɗan, nawa yana saman sif yana shan ƙura.

Shi kuwa yana zaune a baranda wuni guda, a kan kujerar da ya ƙera da hannunsa. Bakinsa ne ya mutu, idonsa bai mutu ba. Yana ganin komai.

Yana ganin yadda shara ta gagare ni, sai in share rabin tsakar gida in zauna a kan turmi. Yana ganin na daina zuwa zumuntar mata, don in aka ɗauki waƙa ba na kai ƙarshen layi. Addu'a ma guntu-guntu nake yi, in faɗi kalma biyu in nemi iska. Kwanciya sai da filo uku a baya. Abin da ya fi yi mini ciwo, na daina dariya. In na yi dariya tari ya kama ni sai na ga taurari, don haka in ya yi mini irin fuskar nan tasa ta tsokana sai in kau da kai. Gidanmu ya yi tsit kamar ba mutane.

Wata ranar Asabar da hantsi na kai shi makewayi zan yi masa wanka. Na zaunar da shi a kan ɗan benci, na cuɗa shi, na ɗauraye. Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa zan ɗaga shi, sai numfashina ya tsaya cak. Kamar an ɗaure mini ƙirji da igiyar guga. Ƙafafuna suka saki, muka zube tare a kan siminti.

Na laluba bakin zani, babu shuɗin. Na bar shi a ɗaki. Ina so in yi ihu, babu iskar yi. Shi yana kwance a gefena cikin ruwan sabulu, ba ya iya tashi, ba ya iya kira. Muna kallon juna. 'Yan'uwa, ban taɓa ganin tsoro a idon mijina irin na ranar ba, kuma na san ba don kansa ba ne.

Sai ya miƙa hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya jawo moɗa ya fara dukan bokitin ƙarfe. Ƙwang! Ƙwang! Ƙwang! Bai tsaya ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Hajiya Kulu. Maƙwabciyata ce tun Talatu na rarrafe, a gabana ta aurar da 'ya'yanta. Na ji muryarta ta saman katanga: "Ke Maman Talatu! Mi ka hwaruwa nan?" Da ta ji ba amsa sai ta zagayo da gudu. Ta leƙo, ta yi salati, ta cire mayafinta ta rufa wa Baban Talatu tana kau da fuska, ta ƙwala wa maigidanta kira. Shi ya ɗauke shi zuwa ɗaki. Ita kuma ta jingina ni da ƙirjinta tana cewa, "Ina abin naki? Ina kika aje shi?" Ashe ta sani. Duk ɓoyon da nake yi, ta katanga tana jin ƙarar dannawar.

Aka ɗora ni a babur zuwa asibiti, aka sa mini iska a hanci. Na yi kwanaki a kwance. Talatu ta baro makaranta ta zo, ga ta da ƙaramin ciki, tana raba kanta tsakanin uba a gida da uwa a gado. Nas ɗin da ke kula da ni ta tambaye ni ko ina shaƙar na kullum ɗin. Na ce wani lokaci. Ta gyara mini filo, ta ce, "Mama, shuɗin nan kashe gobara yake yi. Ɗayan shi ke hana ta tashi."

Za ku ce ai daga nan na ji. To ban ji ba! Da aka sallame ni da sabon magani na yi ta shaƙa a gaban Talatu. Jiki ya ɗan yi daɗi, ta koma Zurmi. Ba a jima ba tsohon tunanin ya dawo: ai na samu sauƙi, Allah ya taɓa ni, me zan yi da abin nan kuma? Na sauko da langa, na jefa shi ciki, na mayar saman sif. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Nawa kunnen a toshe yake.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, na dama kunu na kawo masa a baranda da ƙwayoyinsa a tafin hannu. Na ce, "Bisimilla, Baban Talatu." Ya dube ni ya datse baki.

Na ɗauka kunun ne ya yi zafi. Na fifita, na sake miƙawa. Ya karɓi kunun ya sha, amma da na kai ƙwaya sai ya juya kai. Na lallashe shi. Na yi masa faɗa. Na murƙushe ƙwayar cikin kunu, ya shinshina ya ture kofin. Washegari ma haka. Gabana ya faɗi, don likita ya gaya mini ƙarara, in jininsa ya sake hawa, faɗuwa ta biyu ba lalle ya tashi ba. Na fara ganin idonsa ya yi ja, yana dafe ƙeya. Na ce shi ke nan, ciwon ya taɓa masa hankali.

Na leƙa katanga na kira Hajiya Kulu, na ce ta zo ta taya ni, ko zai ji kunyarta. Ta shigo ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi. Ta ce, "Baba, mi munka yi maka? Ka sha magani mana, ka ga baiwar Allah duk ta rame."

Ya ɗaga sandarsa ya nuna ƙofar ɗaki. Muka dubi juna. Ya sake nunawa yana buga sandar a ƙasa. Muka kama shi muka kai shi ciki, muna zaton kwanciya yake so. Da muka zo gaban sif sai ya toge. Ya ɗaga sandar da hannu ɗaya, ya zungure langar nan. Ta faɗo ƙasa, murfin ya yi gefe yana juyi, abin shaƙata ya gangaro har gaban ƙafata.

Ya buɗe baki. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya yi ta kokawa da harshensa. Da ƙyar ya ce, "Ke... tukuna."

Hajiya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Allahu akbar. Maman Talatu, wanga tsoho ya hi ki hankali." Ta saɗaɗa ta fita ta bar mu.

Na zauna a bakin gado, na zaunar da shi kusa da ni. Na ce, "Baban Talatu, kashe kanka za ka yi saboda ni?" Ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya, wai oho. Sai kawai na fashe da kuka. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na gaya masa zancen Yaya Lami, da raɗar matan nan. Na ce ina tsoro. Na ce na roƙi Allah ya warkar da ni bai warkar ba, kuma ban san ko laifina ba ne, ko bangaskiyata ce ba ta kai ba. Ina magana ina tari, ina tari ina kuka.

Ya saki sandar ta faɗi. Ya ɗora hannunsa a kaina. Kun san shi, kafin ciwo shi ke jan addu'a a gidanmu, doguwa, har tuwo ya huce. Tun da ya faɗi ban sake jin ya yi addu'a da murya ba. Ran nan ya rufe ido, ya ce:

"Uba... bar mini... ita."

Ya huta. Ya sake jan numfashi.

"Bar mini... ita. Cikin... sunan... Yesu."

Iyakar addu'ar ke nan. 'Yan'uwa, na sha zuwa taron farkawa, na ji masu wa'azi da murya kamar tsawa, amma ba addu'ar da ta taɓa shiga ƙashina irin wannan. Na zame na durƙusa a gabansa, sai na ji kamar ana tambayata a zuci: Saratu, da kike tsayawa a kan mijinki kullum sai ya haɗiye ƙwaya, rashin bangaskiya ne ya sa ki? Na ce a'a, Ubangiji, ƙauna ce. Aka ce, to wa ya gaya miki ni ba haka nake tsaye a kanki ba? Amsar addu'ata ta daɗe da zuwa. Ni ce na rufe ta da murfi na ɗora a saman sif, don ba a irin kwanon da nake so aka kawo ta ba.

Na ce, "Ya Yesu, ka gafarta mini taurin kai. Na karɓa."

Na ɗauki abin daga ƙasa na goge da zani. Na girgiza, na sa a baki, na danna, na ja. Yana kallona. Sai da ya ga na sauke numfashi tukuna ya buɗe baki, kamar ɗan tsuntsu, na sa masa ƙwayarsa. Halleluya!

Tun daga ranar haka muke yi. Da safe in kawo faranti ɗaya, nasa a dama, nawa a hagu. Ni tukuna, sa'an nan shi. Da yamma ma kafin a ci tuwo sai ya buga sanda a ƙasa, wai lokaci ya yi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce washegari na tashi ina tsalle ba. Makonni suka wuce ban ji wani canji ba. Har bakina ya yi fari-fari yana zafi, na koma asibiti a tsorace. Nas ɗin nan ta ce, "Mama, kina kurkure baki bayan kin shaƙa?" Na ce a'a. Ta ce in riƙa kurkurewa in zubar. Ta sa na shaƙa a gabanta, sai ta yi dariya ta ce rabin maganin a kan harshena yake tsayawa. Ta samo gorar ruwa ta roba, ta huda gindinta daidai bakin abin, ta nuna mini in danna a ciki in ja a hankali ta bakin gorar, in riƙe numfashi kaɗan kafin in sake. Ashe har shaƙar ma koyo ake yi.

Akwai kuma lokacin da maganin ya ƙare, aka zaga kemis-kemis na Ƙaura babu, hanya kuma ba daɗi a makon. Wani ɗan'uwa direba a cikinku, ba zan kira sunansa ba don ya hana ni, shi ya shiga Gusau ya kawo mini. Allah ya san shi. Daga nan na koyi nema tun na hannu bai ƙare ba. Girki kuma na fito da shi fili, na koma gawayi, in ya kama sosai tukuna in matso.

Sauƙin bai yi sallama ba da zai shigo. Wata rana dai na ga na share tsakar gida har bakin ƙofa, na tsaya da tsintsiya a hannu ina mamaki. Wata rana na ga filo ɗaya ya ishe ni. Shuɗin da nake dannawa ba adadi ya koma sai a daɗe ban taɓa shi ba. Wanka kuwa yanzu ina ɗaga mijina cak, amma shuɗin na kan taga kusa da sabulu, don na yi hankali.

Ran nan akuyar Hajiya ta shigo ta sa kai cikin kofin kununsa, kan ya maƙale, ta yi ta zagaya tsakar gida da kofi a fuska. Baban Talatu ya bi ta da sanda daga zaune yana cewa, "Ɓa... ɓarauniya!" Na yi dariya har na zauna a ƙasa, har hawaye. Da na gama sai na ga ya daina kallon akuya, ni yake kallo. Ban yi tari ba. Shi ma ya lura. Ya yi murmushin nan nasa na rabin baki, ya ɗaga yatsa sama.

Da cikin Talatu ya tsufa ta dawo gida haihuwa, Allah ya sauke ta lafiya, 'ya mace. Sai ga zancen ruwan wankan jego, kun san irin itacen da yake ci. Na ɗaura ɗankwali zan haɗa murhu, Hajiya Kulu ta leƙo ta ce, "Kul! Wallahi ba ki kusantar hayaƙin nan. Ke da wanka, ni da wuta." Haka aka yi har aka gama. A gidanta ake tafasa ruwa, a miƙo mini ta katanga, ni kuma in yi wa 'yata wanka da hannuna, kamar yadda uwata ta yi mini. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ku sa ta cikin addu'a, ita ma gwiwa na damunta.

Da aka tambayi kakan yarinya sunan da za a sa mata, bai yi kokawa da harshe ba ko kaɗan. Ya ce, "Godiya."

Ranar da aka kawo ta nan don miƙa ta ga Ubangiji, ni na goyo ta. Daga gidanmu har ƙofar cocin nan, jika a baya, miji a kafaɗa, ban tsaya na dafa bangon kowa ba. Matan zumunta, kun gan ni ran nan, har rawa na taka! Ku yabi Ubangiji!

Wasu suna tambayata, "Mama, kin warke ke nan?" Ina ce musu a'a. Ciwon yana nan, likita bai yi ƙarya ba. In aka ƙona shara a unguwa ina ji a ƙirjina, kuma akwai ranakun da sai na lallaɓa. Amma Allah ya cece ni daga tsoro, ya cece ni daga kunya, ya mayar mini da gidana. Ga abin nan a jakata, ku gan shi. Dā a bakin zani nake ɓoye ɗan'uwansa, yau ga shi na ɗaga a gaban ikilisiya. Yaya Lami ba wannan ne ya kashe ta ba. Ba ta samu na kullum ba ne, ba ta kuma samu wanda zai yi mata bayani ba.

Don haka ina roƙonku, musamman ku 'yan'uwana mata da kuka tsufa a bakin murhu. In tari ya ƙi tafiya, ku je a duba ku. In an ba ku magani an ce kullum, to kullum ɗin ne, har ranar da kuke jin garau. Kada kowa ya ce muku sai kun zaɓa tsakanin addu'a da magani. Wanda ya hura wa mutum numfashi tun farko, shi ya ba likita sani. Ku durƙusa ku roƙe shi da dukan zuciya, in kun tashi ku buɗe langa. Ku kuma da kuke da marar lafiya a gida, kada ku gaji da shi. Wani ba taurin kai ne kawai ke damunsa ba, tsoro ne da ya rasa wanda zai gaya wa.

Ku dogara ga Yesu. Yana jin doguwar addu'a, yana kuma jin guntuwa wadda ta fito da ƙyar. Na gode masa don jiya, na gode masa don yau, gobe kuma tana hannunsa.

Ni dai na shaƙi nawa yau da safe, shi ya sa na bayan coci ma kuka ji ni ba lasifika. Ɗaukaka ga sunan Yesu! Ikilisiya ta ce Amin!